Bindigar "wasa" mai ɗura kanta: tarihin zaɓenta, kulawa da ita da sunanta, 1903-2024

1. Mafarin magana

A wani zaman aiki kan kalmomin watsa labarai da muka yi da ƴan jaridar rediyo masu aiki da Hausa, an kawo jimla guda daga labarin wani harbi a Amurka. Faransanci ya ce fusil semi-automatique, mai fassara ya ce "bindiga mai sarrafa kanta". Can gaba aka tarar da arme automatique, nan ma ya ce "bindiga mai sarrafa kanta". Ba wanda ya ga laifi a ɗakin, don kuwa a kunnen mai saurare duk bindiga ce. Amma a ƙasashen da ake ƙera waɗannan makamai, tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu ita ce tazarar da ke tsakanin kanti da kurkuku.

Saboda haka zan raba su tun daga nan. "Mai ɗura kanta" ita ce wadda in an ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya zai fita, ta tofar da kwanso, ta ɗura wani, ta tsaya jiran wani jan. "Mai ɓarin wuta" kuwa ba ta tsayawa muddin yatsa na kan kunama. Ta farkon ce maganarmu, musamman irin wadda ake sayar wa farar hula da sunan wasa, watau farauta da gasar harbi. Zan bi tarihin abubuwa uku da mai ita yake yi: zaɓe, kulawa, da ƙara mata kaya. Ra'ayina shi ne kalmar "wasa" ba a jikin ƙarfen take ba. Doka da kasuwa ne suke liƙa ta, su ne kuma suke ɓamɓare ta.

2. Mafarauci ya riga soja

Kafin bindiga ta iya ɗura kanta sai da aka canza albarushi. Baƙin albarushi na da, wajen rabin nauyinsa yakan saura a matsayin toka da dauɗa, kuma ba injin da zai daɗe yana kai da komo cikin wannan ƙazanta. A 1884 Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi a Faransa, daga nan ƙofa ta buɗe.

Abin da aka cika mantawa shi ne farar hula ne suka fara cin moriyar wannan ƙira. Kamfanin Winchester ya fitar da samfurin 1903, sannan na 1905 da na 1907. Kamfanin Remington ya fitar da ƙirar John Browning a 1906, wadda aka raɗa wa Model 8 a 1911, masana'antar FN ta Herstal a Beljiyam kuma ta ƙera ta don kasuwar Turai. Sojan ƙasa na Amurka bai karɓi doguwar bindiga mai ɗura kanta ba sai 1936, da M1 Garand, watau shekara talatin bayan mafarautan barewa. Hasali ma a yaƙin duniya na farko Faransa ta sayi Winchester 1907, bindigar kanti, ta ba ma'aikatan jiragen samanta. A wancan zamani kaya daga daji suke tafiya bariki.

Zaɓe a lokacin bai wuce tambaya biyu ba: wace dabba, wane harsashi? Mutum ya buɗe kundin kamfani, ya zaɓi bindiga gamammiya mai ƙotar katako, ya riƙe ta har ya bar wa ɗansa. A Faransa kundin Manufrance na Saint-Étienne, kamfanin da aka kafa a 1885 ya rushe a 1985, shi ne ya yi wannan aiki, kuma a cikinsa akwai ƴar ƙaramar mai ɗura kanta da ake kira Reina. A 1967 FN ta fitar da Browning BAR ta farauta, wadda ta samu karɓuwa wurin masu korar aladen daji a Turai. Duk waɗannan, in abu ya lalace, wurin maƙerin bindiga ake kai su.

Akwai wani ɗan al'amari a nan da ya cancanci a tsaya masa. Winchester bai yarda samfurin 1903 ya ci harsashin .22 na kowa da kowa ba. Ya ƙera masa nasa na daban, don kada mutane su ɗura mai baƙin albarushi su cushe injin. Ke nan tun ranar farko masu ƙira sun san cewa raunin wannan bindiga shi ne dauɗa. Ga kuma tsatsa: ɗan maganin da ke gindin kwanso, mai kunna albarushi, yana barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, bututu ya ci. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. Shi ya sa ƙa'idar da ita ce ruwan zafi tukuna, a busar, sannan mai. A ƙarshen shekarun 1920 Remington ya kawo harsashin Kleanbore marar wannan gishiri. Wani kawuna maharbi a ƙasar Maraɗi, wanda bai taɓa jin sunan Remington ba, haka yake yi wa adakarsa: tafasasshen ruwa, tsumma, man gyaɗa.

3. Bindigar da aka ce tana wanke kanta

A 1954 kamfanin jiragen sama na Fairchild ya buɗe wani ƙaramin reshe mai suna ArmaLite. Haruffan AR daga wannan suna suke, ba daga wata kalmar yaƙi ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Injiniyansa Eugene Stoner ya kawo kayan ƙirar jirgi, alminiyom da roba, cikin sana'ar da ta saba da ƙarfe da katako. Ƙirarsa ta AR-10 ba ta samu shiga wurin sojan Amurka ba. Cikin ƴan ƙasashen da suka saye ta akwai Sudan, a 1958. Aka rage girmanta don harsashi mai milimita 5,56, ta zama AR-15, kuma a 1959 ArmaLite ya sayar wa Colt haƙƙin ƙirar. Soja suka karɓe ta da sunan M16, mai iya ɓarin wuta. A 1964 Colt ya sa wadda ke ɗura kanta kawai a kanti, a kan dalar Amurka 189,50, ya kira ta Sporter, watau "ta wasa". Wannan karon kaya daga bariki suka fito, kuma suna ya biyo su don ya share musu hanya.

Dabarar Stoner ita ce a ɗebi kaɗan daga iskar da ke tura harsashi, a bi da ita ta wani siririn bututu zuwa baya, ta tura sakata kai tsaye. Wannan ya rage nauyi da girgiza, ya ƙara saiti. Kuɗin da aka biya shi ne hayaƙin yana zuba ne a cikin cikin bindiga, daidai inda sassa suke motsi.

A Biyetnam aka ga sakamakon. An canza nau'in albarushin harsashi ba tare da an sake daidaita bindigar ba. Sabon ya fi dauɗa, ya kuma sa injin gudu fiye da yadda aka tsara. Ɗakin harsashi ba a shafe shi da kurom ba, ga laimar daji. Sama da duka, an raba bindigar ba isassun kayan shara, an bar magana ta bazu cewa tana wanke kanta. Kwanso yakan maƙale a ɗaki, soja ya koma zura tsinke ta baki yana bugo shi, tamkar mai harba-ka-ruga, alhali ana harbinsa. Bayan faɗan tsaunukan Khe Sanh a 1967 wasiƙun sojoji suka isa jaridu, majalisar wakilai ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Richard Ichord, rahotonsa ya fito a watan Oktoba na shekarar, ya ɗora laifi kan hukumar soja. Aka sa kurom, aka gyara abin da ke rage gudun sakata, aka raba kayan shara, har aka sa mai zanen barkwanci Will Eisner ya zana littafin kulawa don samari su karanta.

Duk abin da ake koya wa mai AR-15 na farar hula game da kulawa, gadon wannan masifa ne: a tabbatar ba harsashi a ciki kafin a taɓa komai, a share ɗakin harsashi da sakata, a sa mai a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, a duba gidan harsashi domin yawancin cijewa daga can take. Ƙwarewar shekaru ta kuma gyara wani kuskure: wannan ƙira ta fi jure dauɗa in tana da mai, bisa ga a kankare ta fes a bar ta a bushe. Ko a ƙasa mai ƙura, inda hankali zai ce a rage mai, gwajin sojan Amurka bayan shiga Iraƙi ya nuna akasin haka.

4. Daga gamammen kaya zuwa kayan haɗi

Canji mafi girma a tarihin nan bai zo da ƙara ba. Jikin AR-15 kashi biyu ne, sama da ƙasa, ƙusa biyu ke riƙe da su, kuma da yatsa ake ture su. A 1977 muhimman takardun mallakar ƙirar suka ƙare, kowane kamfani ya samu damar ƙera sassa masu shiga juna. A 1995 sojan Amurka suka tsayar da ma'aunin dogon ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake kira Picatinny, wanda ake ɗora madubin saiti ko fitila a kansa. Daga ranar, wanda ya ƙera madubi ba ya bukatar sanin wace bindiga za ta ɗauke shi. Mu masu nazarin harshe mun san irin wannan aiki: daidaita ƙa'idar rubutu ne. In an yarda da haruffa, kowa na iya buga littafinsa.

Haka ma ƴar ƙaramar Ruger 10/22, wadda ita ma a 1964 ta fito, mai gidan harsashi goma. Sukurori biyu ne ke riƙe da bututunta, don haka kasuwar sassanta ta bunƙasa har ana iya haɗa ta ɗungum ba tare da sashi ko ɗaya na Ruger ba.

Ma'anar "zaɓe" ta juye ke nan. Mai saye ba ya tambayar wace bindiga; yana tambayar tsawon bututu, yawan murɗin da ke cikinsa (murɗi guda a inci 12 na farkon zamani ya isa harsashi marar nauyi, guda a inci 7 ko 8 ake nema don mai nauyi), taushin kunama, irin madubi. A ganina, cikin duk abin da ake sayarwa, uku ne suke canza inda harsashi ke sauka: bututu, kunama da madubi, sai kuma harsashin kansa da yawan atisaye. Saura yawancinsu ado ne, kuma kasuwar ta fi cin riba a kan ado.

Wannan ya haifar da tambayar da ta dace da masu falsafa: in kowane sashi na canzuwa, wanne ne bindigar? Dokar Amurka ta amsa cewa kashin ƙasa ne, mai ɗauke da lamba. Bututu da sakata ana aika su ta gidan waya kamar kayan keke. Faransa ta amsa daban: bututu da sakata ma sassa ne masu rajista. Ƙarfe ɗaya, ma'ana biyu.

5. Wa ke da ikon cewa "wasa"?

A 1934 Amurka ta ɗora harajin dala 200 da rajista a kan masu ɓarin wuta, a 1986 ta rufe rajistar sababbi ga farar hula. Mai ɗura kanta ta tsira daga duka biyun. Dokar 1968 ce ta shigo da kalmarmu: ba za a shigo da bindiga daga waje ba sai wadda ta dace da "bukatun wasa". Bayan kisan yara biyar a wata makarantar firamare ta Stockton a Janairun 1989, gwamnatin George Bush uba ta sake karanta wannan jimla, ta hana shigo da nau'o'i da dama. Ba a taɓa harafi ɗaya na dokar ba. Fassara ce ta canza.

Dokar 13 ga Satumba 1994 ta yi ƙoƙarin ba da ma'ana ta hanyar lissafin siffofi. Mai ɗura kanta da ake cire wa gidan harsashi ta zama haramtacciya in tana da biyu daga cikin biyar: ƙota mai naɗewa, mariƙi irin na ƙaramar bindiga, mazaunin wuƙa, abin ɓoye walƙiyar baki, maharbar gurneti. An kuma hana ƙera sabon gidan harsashi mai ɗaukar fiye da goma. Duk ɗalibin ilimin ma'ana zai hango abin da ya biyo baya: kamfanoni suka cire mazaunin wuƙa da abin walƙiya, suka canza suna, Colt ya kira tasa Match Target, aka ci gaba da ciniki. An ba da ma'ana ta kamanni ga abin da ainihinsa aiki ne, kuma a kan bindigar da aka gina don a riƙa canza mata kamanni. Dokar ta mutu da kanta a Satumban 2004.

Yaƙin suna ya ci gaba. Kalmar da masu son hani suke amfani da ita, "makamin kai farmaki", jikar Sturmgewehr ce ta Jamus ta 1944, kuma a shekarun 1980 mujallun masu bindiga da kansu sun yi talla da ita. A 2009 ƙungiyar masana'antun, NSSF, ta ƙaddamar da sabon suna, MSR, watau "bindigar wasa ta zamani". A 2022 ta ƙiyasta cewa fiye da miliyan 24 aka ƙera ko aka shigo da su daga 1990 zuwa 2020. Wannan adadi hujjar shari'a ne, don hukuncin Heller na 2008 ya ce tsarin mulki yana kare makaman da jama'a suka saba amfani da su. Yawan ciniki ya zama kariya.

Gaskiya biyu ne a nan, kuma kowane ɓangare ɗaya yake so a faɗa. Mafi yawan kisan kai da bindiga a Amurka da ƙananan bindigogin hannu ake yin sa, kason dogayen bindigogi kaɗan ne. Amma irin wannan bindiga ce aka shiga da ita makarantar Sandy Hook a Disamban 2012 aka kashe yara 20 da manya 6, a garin Newtown inda hedkwatar NSSF take a lokacin. Iyalan sun kai ƙara a kan yadda aka yi tallar bindigar, watau a kan kalmomi, kuma a 2022 aka sasanta da masu inshorar Remington a kan dala miliyan 73.

Shari'ar da ta fi jan hankalina ita ce ta 2024. Wanda ya yi harbin Las Begas a 2017 ya yi amfani da wata ƙota mai zamewa da ke sa naushin bindiga ya riƙa buga kunama a kan yatsa, wuta ta fita kusan kamar ta mai ɓari. Gwamnati ta sa wannan ƙota cikin masu ɓarin wuta a 2018. Kotun ƙoli, da alƙalai shida a kan uku, ta soke hanin a shari'ar Cargill. Dokar 1934 ta yi maganar harbi fiye da ɗaya da "aiki guda na kunama". Shin aikin da kunama take yi ne, ko aikin da mutum yake yi wa kunama? Masu rinjaye suka ɗauki na farko, marasa rinjaye na biyu. Wannan shubuha ce da muke koyarwa a shekarar farko a kan mallaka, irin ta "son Audu": shi ke so, ko shi ake so?

Wasu ƙasashe ba su tsaya kan siffa ba, sun tafi kan aiki. Ingila, bayan Hungerford a 1987, ta hana dogayen masu ɗura kansu a 1988 in ban da ƴan ƙananan .22. Ostareliya, bayan mutum 35 na Port Arthur a 1996, ta sayi bindigogi wajen 650 000 daga hannun jama'a ta lalata. Niyu Zilan ta yi nata hanin cikin wata guda bayan kisan masallata 51 a Christchurch a Maris 2019. Faransa kuwa ƙirga harsashi take: mafarauci ba ya wuce uku, biyu a gida ɗaya a ɗaki, kuma a tsarin rukunan A, B, C, D na 2013 irin su AR-15 sai da izinin hukuma ga ɗan gasar harbi mai lasisin tarayya.

6. Inda abin ya taɓa mu

Kalmominmu sun nuna hanyar da makamin ya biyo: bindiga, albarushi da harsashi duk daga Larabci suke, ta sahara suka sauko, kuma a zamanin sarki Tanimun Damagaram ta tara bindigogi har ana zuba igwa a birni. Rarraba bindiga zuwa halattacciya da haramtacciya bisa ƙira kuwa mun san ta tun kafin Amurkawa. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta shata yanki daga daraja 20 arewa zuwa 22 kudu, ƙasar Hausa duk tana ciki, ta ce ƴan ƙasa ba za a sayar musu ba sai mai ƙanƙara marar murɗi da albarushin kasuwa; ta zamani sai da izini na musamman, mutum-mutum. Shekara tara bayan haka Faransawa suka shiga Damagaram da irin bindigogin da aka hana mu.

Shi ya sa mai ɗura kanta ta farauta ba ta taɓa zama kayan gida a nan ba. Abin da ya iso hannun maharbi mai takarda shi ne mai cin harsashi ɗaya, irin Simplex ta Manufrance, wadda ba ta da abin da ƙura za ta cushe. Mai ɓarin wuta kuma ta iso ta hanyar tawaye da fasa-ƙwauri. Dominta aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, dominta aka hura wutar zaman lafiya a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Rukunin tsakiya bai samu gurbi a rayuwa ba, don haka bai samu gurbi a harshe ba, kuma mai fassarar nan namu bai yi ganganci ba da ya haɗa biyun a kalma ɗaya.

A ƙarshen zaman na ba da shawarar "mai ɗura kanta" da "mai ɓarin wuta". Ta biyun ta samu karɓuwa nan take. Ta farkon kuwa wani dattijon ɗan jarida daga Tawa ya ƙi ta, ya ce a kunnensa ɗura ta adaka ce, ta baki, da tsinke, kuma mai saurare a ƙauye zai ɗauka bindigar toka ake nufi. Ya kawo "mai ɗai-ɗai da kanta". An rubuta duka biyun a kundin zaman, za a gwada su a kan masu saurare.